Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnonin Arewa: A Mayar wa 'Yan Mata Filayen Wasanninsu

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin jihohin Arewa 19, da kwamishinoninsu na ilimi da na matasa da wasanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora wajen sauke nauyin al'ummar da ya ɗora a wuyanku. Ranku ya daɗe, ni tsohuwar malamar makaranta ce da ta shafe shekara 31 tana koyarwa a makarantun sakandaren 'yan mata na gwamnati, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru ni ce mai riƙe da usur da makullin ɗakin ajiyar kayan wasa. Ina rubuta wannan wasiƙa a madadin 'yan'uwana malamai mata da suka koyar da darasin motsa jiki, da tsofaffin ɗalibanmu waɗanda yanzu suka zama iyaye, da kuma yaran da ke zaune a aji a yau, waɗanda ba su ma san abin da aka raba su da shi ba balle su nemi a dawo musu da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ziyarar da na kai wata makaranta da na taɓa koyarwa a cikinta, ranar taron tsofaffin ɗalibai. Da aka tashi sai ƙafata ta ja ni bayan ajujuwa, inda filin wasa yake. Na tarar an haƙa harsashin gini a rabinsa an jibge bulo, ɗaya rabin kuma ciyawa ta kai gwiwa, ƙarafuna biyun da muke ɗaura ragar ƙwallon raga kuwa an ɗaura musu igiya ana shanyar kaya. Na tsayar da wasu 'yan aji biyar na tambaye su yaushe rabonsu da gasar gidaje, wadda ɗalibai ke kira intahaus. Suka dubi juna, ɗaya daga cikinsu ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, mu dai labarinsa muke ji a wajen yayyenmu." Tun daga ranar na riƙa tuntuɓar abokan aikina na dā a jihohi daban-daban, kuma abin da na ji daga bakinsu ya tabbatar mini cewa wannan makaranta ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba.

Na san akwai mai cewa wasa ai wasa ne, kuma a yankin da ake fama da rashin tsaro da tarin yaran da ba sa zuwa makaranta, maganar ƙwallo da guje-guje ba ta kai a kawo ta gaban gwamna ba. Ina roƙon ku ba ni dama in nuna muku abin da na gani da idona, domin hujjata duka a kansa take.

Shekaru da yawa da suka wuce na sami wata ɗaliba mai tsananin kunya, irin wadda ko sunanta aka kira a aji sai an matsa kusa kafin a ji amsarta. Tana da gudu, don haka 'yan gidansu suka zaɓe ta kyaftin ɗin gudun ba-da-sanda, inda mutum huɗu ke karɓa-karɓa. Aikin farko da ya faɗo mata shi ne tsara wadda za ta fara da wadda za ta rufe, kuma akwai wata babbar yarinya 'yar aji shida da ta dage cewa ita za ta rufe saboda ta girme su. Kyaftin ɗin ta zo wurina tana hawaye tana so in yanke hukunci, na ce mata ni alƙaliyar wasa ce, tsarin 'yan gudu hurumin kyaftin ne. Ta koma ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna da babbar a gindin darbejiya ta lallashe ta, ta nuna mata cewa tashinta ya fi na kowa kyau, saboda haka a farko ne za ta fi amfanar gidansu. Ranar gasa sanda ta suɓuce a miƙawa ta biyu, suka zo na ƙarshe. Ina tsaye na ga wannan yarinya mai kunya ta ratsa cikin ihun ɗalibai, ta je ta ɗago wadda ta yar da sandar, ta kama hannunta, ta faɗa wa 'yan gidansu da murya mai ƙarfi cewa laifinta ne ita kyaftin, domin ba ta sa sun maimaita miƙa sanda yadda ya kamata ba. Washegari da asuba ta fito da su fili. A shekarar da ta biyo baya su suka ɗauki kofi. Wannan yarinya a yau ita ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin haihuwa na wani babban asibiti, kuma na taɓa ganinta da tsakar dare tana raba aiki ga ma'aikata shida a kan mata uku masu naƙuda, da wannan muryar da na fara ji a bakin fili.

A cikin zango biyu kacal yarinyar nan ta yanke hukunci a kan wadda ta girme ta ba tare da ta ci mutuncinta ba, ta ɗauki laifin da ba hannunta ne ya aikata ba, ta sha kaye a bainar jama'a, ta kuma dawo ta sake shiri. Ban san darasin da ake rubutawa a allo da zai ba yarinya waɗannan abubuwa ba. A aji, ɗaliba tana aiki ne don kanta, makinta nata ne, faɗuwarta tata ce. A fili kuwa nasararta tana hannun wasu, dole ta san wadda ke buƙatar tsawa da wadda ke buƙatar rarrashi, dole ta karɓi hukuncin alƙali ko da tana ganin an zalunce ta, dole ta yi shawara cikin daƙiƙa ɗaya ta kuma tsaya a kanta. Muna tarbiyyar 'ya'yanmu mata a kan kunya da kawaici, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya, sai dai filin wasan makaranta na daga cikin 'yan wuraren da yarinya ke ɗaga murya ta ba da umarni a bi, kowa kuma ya yaba mata a kai.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Duk wadda ta tashi a lokacin da dandali ke raye ta san cewa a wasan gaɗa akwai mai ba da waƙa da 'yan amshi, akwai mai tsara da'ira, akwai mai raba gardama idan aka yi saɓani a carafke ko 'yar gala-gala. A nan 'yan mata ke gane wadda ke da baki da wadda ke da adalci, tun kafin a kai su ɗakin miji. Dandali ya mutu a mafi yawan garuruwanmu saboda sauyin zamani da tsoron abin da dare ke ɗauke da shi, makaranta ce ta gaji wannan aiki, yanzu ita ma tana sakinsa.

Kukana na farko a kan filaye ne. Duk lokacin da aka sami kuɗin ƙara ajujuwa ko ɗakin kwana, wurin da ido ke fara sauka a kai shi ne filin wasa, domin shi ne fili a share wanda ba mai tsaya masa. A wasu wuraren ma shaguna ake yankawa a jikin katanga. Ba wanda ke jayayya da buƙatar ajujuwa, amma aji ana iya ɗora shi a kan aji a yi bene, fili kuwa idan aka zuba masa kankare ya tafi ke nan har abada. Kuma asarar ta fi tsanani a makarantar mata. Yaro namiji idan an cinye filin makarantarsu zai sami kango ko filin Idi ko bakin titi ya buga ƙwallonsa da yamma, yarinya kuwa ba ta da wani wuri bayan wannan da ke cikin katanga.

Na biyu shi ne lokaci. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma a makarantu da dama ya koma rubutu zalla, inda yarinya za ta haddace tsawo da faɗin filin ƙwallon hannu ta rubuta a jarrabawa ba tare da ta taɓa riƙe ƙwallon ba. Awannin wasa na yamma an mayar da su na shara ko na ƙarin darasi don shirin WAEC da NECO. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 85 cikin 100 na 'yan mata matasa a duniya ba sa samun hakan. Waɗannan yara su ne za su ɗauki ciki su haihu nan da 'yan shekaru, ƙarfin jikinsu kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin da mace-macen mata wajen haihuwa ya fi ko'ina yawa a ƙasar nan.

Na uku, wanda a ganina shi ne ginshiƙin matsalar, shi ne ƙarancin malamai mata a wannan fanni. Mu da muka riƙe aikin mun yi ritaya ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma ɗauki masu maye gurbinmu yadda ya kamata ba. Idan aka tura malami namiji ya koyar da 'yan mata balagaggu tsalle da gudu, iyaye za su ƙi, kuma suna da gaskiya. Shugabar makaranta da ke gudun surutu sai ta rufe ɗakin kayan wasa ta huta. Daga nan sai a ce ai al'ada ce ta hana, alhali rashin ɗaukar ma'aikata ne. Akwai abubuwan da yarinya ba za ta iya faɗa wa malami namiji ba, kamar dalilin da ya sa ba za ta iya gudu a wannan mako ba, kuma na sha ganin yarinya mai hazaƙa ta daina fitowa fili gaba ɗaya saboda rashin audugar mata da rashin banɗaki mai ruwa kusa da filin.

Na huɗu shi ne rabon kuɗi. Jihohinmu na ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na maza irin su Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi Warriors da Wikki Tourists, ba na kuma ƙyashin ko sisi da ake kashe musu, domin suna faranta ran jama'a. Abin da nake cewa shi ne kuɗin tafiya wasa ɗaya na irin waɗannan ƙungiyoyi zai sayi ƙwallaye da raguna ga makarantun mata masu yawa. Jihar Nasarawa ta riƙe ƙungiyarta ta mata, Nasarawa Amazons, har ta lashe gasar ƙasa a 2017, wanda ke nuna cewa inda aka zuba ido a Arewa ana ganin sakamako.

Ranku ya daɗe, bari in tsaya a kan maganar addini, domin ita ce ake yawan fakewa da ita, kuma ni Musulma ce da ba za ta nemi abin da zai saɓa wa Mahaliccinta ba. Imam Ahmad da Abu Dawud sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a wata tafiya, ta tsere masa. Bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake, ya tsere mata, ya ce wannan ramuwar waccan ce. A ruwayar Ahmad an ambaci cewa sai da ya umarci sahabbai su yi gaba kafin su yi tseren. Ke nan an nuna mana halaccin abin, an kuma nuna mana ladabinsa, wato a keɓe wuri a kiyaye sutura. Makarantar mata mai katanga, da malama mace, da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi, ta cika wannan sharaɗi. Hatta hukumomin wasanni na duniya sun sauko kan wannan, domin an halatta rufe kai a ƙwallon ƙafa tun 2014, a ƙwallon kwando kuma tun 2017, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta mata a 2023 da hijabinta. Ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, wato malamai mata, ta tura su ƙauyuka suna jagorantar 'Yan Taru, ƙungiyar mata masu neman ilimi, ba ta da dalilin tsoron mace mai iya jan ragama.

Ba ina neman kowace yarinya ta zama 'yar wasa ba. Na yi murna kamar kowa a watan Yulin 2025 da Super Falcons suka farfaɗo daga ci 2 da nema suka doke Maroko 3 da 2 a Rabat, suka ɗauki kofin Afirka karo na 10 a ƙarƙashin koci Justine Madugu ɗan jihar Adamawa, na kuma yi murna da Aminatou Seyni 'yar Nijar ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a 2022. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne inda irin waɗannan mata ke ƙarewa bayan sun bar fili. Nawal El Moutawakel, wadda ta ci wa Maroko zinare a gasar Olamfik ta 1984, ta zama ministar matasa da wasanni a ƙasarta. Kirsty Coventry 'yar Zimbabuwe ta tashi daga ninƙaya ta zama minista, a 2025 kuma aka zaɓe ta shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko a wannan kujera. Christine Lagarde, wadda ta shugabanci Asusun Ba da Lamuni na Duniya sannan Babban Bankin Turai, ta kasance cikin tawagar ninƙaya ta Faransa lokacin tana budurwa. A nan gida, Chioma Ajunwa da ta ci zinare a dogon tsalle a Atlanta a 1996 ta kai babban muƙami a rundunar 'yan sanda. Wani bincike da kamfanin ba da shawara kan harkokin kasuwanci na EY ya gudanar tare da espnW, sashen wasannin mata na tashar ESPN, ya gano cewa kashi 94 cikin 100 na matan da aka tambaya masu riƙe da manyan kujerun kamfanoni sun yi wasanni a ƙuruciyarsu. Mai hankali zai ce wataƙila masu halin shugabanci ne tun asali ke son wasa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ko da haka ne, fili ne ya ba su wurin gwada halin har ya nuna.

Akwai kuma darasi a kan abin da hukuma ke iya yi da alƙalami. A 1972 Amurka ta kafa dokar da ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A lokacin, 'yan matan da ke wasanni a makarantun sakandaren ƙasar ba su kai 300,000 ba, yau sun haura miliyan 3. Halinsu daban, namu daban, ba na kuma cewa a kwafo dokarsu, abin lura dai shi ne sharaɗin da aka ɗaura a jikin kuɗi ne ya sauya lamarin.

Mu a nan kullum kuka muke yi cewa muna son likita mace ta duba matanmu, muna son mace ta shugabanci makarantar 'ya'yanmu mata, muna son mata a hukumomin da ke kula da marayu da zawarawa. A Majalisar Dattawa ta 10, mata 4 ne cikin sanatoci 109, a Majalisar Wakilai kuma ba su kai 20 cikin 360 ba. Idan an zo naɗi sai a ce an duba ba a sami wadda za ta iya ba, an manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Matar da za ta tsaya gaban ɗan kwangila ta ce aikin nan bai yi ba, ko ta tsaya gaban ma'aikata ɗari ta raba musu aiki, tana buƙatar ta taɓa riƙe mutum shida tana 'yar shekara 14.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon kowane gwamna ya ba da umarni a rubuce cewa kada a ƙara kafa gini ko yanka shago a filin wasan wata makarantar mata, a kuma auna filayen da suka rage a shigar da su cikin takardun mallakar makarantu, inda aka riga aka cinye kuwa a nemi wani wuri a cikin katanga ko da na ƙwallon raga ne, wanda mita 18 ne a tsawo da mita 9 a faɗi. Muna roƙon duk sabuwar makarantar mata da za a gina, ko da kuɗin jiha ko na hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ko na AGILE, shirin ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ke tallafawa, kada a karɓi aikin daga hannun ɗan kwangila sai da fili a share da banɗaki mai ruwa a kusa da shi.

Muna roƙon a ɗauki malama mace ta motsa jiki aƙalla ɗaya a kowace makarantar sakandaren mata, kuma tunda masu wannan takarda sun yi ƙaranci, a ware guraben tallafin karatu ga 'yan matan da za su karanci fannin a kwalejojin ilimi da jami'o'inmu, da alkawarin aiki idan sun gama. Kafin su fito, mu da muka yi ritaya muna nan da sauran ƙarfinmu, kuma da yawa daga cikinmu za su karɓi aikin horar da matasan malamai a lokacin hutu idan aka kira su.

Muna roƙon a dawo da yammaci biyu a mako na wasanni cikin jadawali, masu duba makarantu su riƙa tambayarsa kamar yadda suke tambayar rajistar halarta, a kuma wajabta gasar gidaje sau ɗaya a shekara, daga nan a ɗora gasar makarantun mata ta shiyya da ta jiha, alƙalai mata, 'yan kallo mata da iyaye. A zauna da malaman addini da sarakuna da ƙungiyoyin iyaye a amince da samfurin kayan wasa mai sutura, a ba telolinmu na gida su ɗinka. Ina ƙara roƙo ɗaya da ba ya cin ko kwabo: a bar ɗalibai su zaɓi kyaftin ɗinsu da kansu, a riƙa sauyawa kowane zango domin riƙon ya zagaya, a kuma rubuta shi a takardar shaidar kammala makaranta kamar yadda ake rubuta wa hedigel, domin mai ɗaukar aiki ya gani.

Daga ƙarshe muna roƙon a fitar da kason wasannin makarantun mata a fili cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, da layinsa na kansa, domin mu iyaye mu san abin da aka ware mu kuma bi sawunsa. Harsashin da na gani a waccan makaranta bai kai linta ba tukuna, kuma rabin filin da ciyawa ta rufe yana nan; umarninku idan ya fito kafin a dawo hutu zai same shi.

Allah ya taimake ku, ya ba mu zaman lafiya a jihohinmu. Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Tsohuwar malamar wasanni, a madadin 'yan'uwanta malamai da iyaye mata.